Darasi: Faɗin Gaskiya da Kula da Rai

Karatu: Ayyukan Manzanni 4:1-22

'Yan'uwa, a aya ta 13 akwai wata kalmar Helenanci, wato parresiya, wadda a Hausa muke ce mata gaba gaɗi. Ma'anarta faɗin gaskiya duka a fili, ko da za ta jawo wa mai faɗinta wahala. Helenawa sun san kalmar tun kafin zamanin manzanni, masu falsafarsu kuwa sun yi dogon tunani a kanta.

Bari mu duba Sokaratis, mutumin Atina. Shi bai rubuta littafi ba. Yawancin labarinsa daga almajirinsa Aflatun muka samu. Yakan zaga kasuwa yana tare manya da samari, yana tsauta musu domin suna wahala a kan dukiya da suna, amma ransu sun bar shi kamar gonar da ba a nome ba. Kula da kai a wurinsa ba ci da sutura ba ne. Shi ne mutum ya riƙa bincika zamansa, ya ga ko aikinsa ya yi daidai da maganarsa.

Nan ne wurin lura, gama gaskiya ba ta da nauyi a bakin wanda bai fara faɗa wa kansa ita ba. A shekara ta 404 kafin haihuwar Almasihu, azzalumai talatin da ke mulkin Atina suka aiki Sokaratis da mutum huɗu su kamo Liyon na Salamis domin a kashe shi. Huɗun suka tafi. Sokaratis ya kama hanyar gida. Bai yi jawabi ba, ƙafafunsa ne suka amsa.

A shekara ta 399 aka gurfanar da shi, yana da shekara wajen 70, aka ce yana ɓata samari, ba ya kuma girmama allolin birni. Aka yanke masa shan dafi. Abokinsa Kirito ya shirya masa hanyar gudu, ya ƙi. Wani masani Bafaranse, Mishel Fuko, ya ba da darussansa na ƙarshe a kan wannan ƙarfin hali a Faris a 1984, shekarar da ya rasu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin mai gaba gaɗi da mai baƙar magana?
2. Wa kuka ba izinin ya faɗa muku laifinku, yaushe kuma ya yi hakan na ƙarshe?