Yadda Ake Ɗaukar Hoto Mai Faɗi da Waya

Akwai wuraren da hoton tsaye ba ya iya cinye su: filin Idi, bakin kogi, ko birnin Kano idan aka hango shi daga saman Dutsen Dala. Wani lokaci kwantar da waya kawai ya isa. In wurin ya fi ƙarfin haka, sai a koma panorama, wadda Apple ya saka a iPhone tun 2012, yawancin wayoyin Android ma suna da ita.

Fara da zaɓen lokaci. Hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayanka. In ta shigo cikin hoton, gefe ɗaya zai yi fari fat, ɗayan ya yi duhu. Ranar da hazo ya sauka kuwa, gara ka haƙura.

Sai ka riƙe wayar a tsaye. Nan ne mutane ke mamaki, tunda hoton kwance ake nema. Ai faɗin daga juyawa zai zo, tsayin hoton kuwa daga dogon gefen wayar yake fitowa. In ka kwantar da ita ka juya, abin da za ka samu siriri ne kamar rawanin da aka shanya, sama kaɗan, ƙasa kaɗan.

Juyawar ita ce aikin. Wayar ce za ta juya a inda take, kada ka miƙa hannu ka kewaya da ita. In idon kyamara ya bar wurinsa, abubuwan kusa sukan goce daga na nesa, sai manhajar ta kasa haɗa su daidai, ka ga turken lantarki ya karye biyu. Manna gwiwar hannu a haƙarƙarinka, ka bi kibiyar da ke kan allo sannu a hankali, kada ta hau saman layi ko ta sauka.

Ka kula da masu motsi. A Hawan Sallah panorama kan haifi doki mai kai biyu, ko mahayi ba doki. Jira hanya ta lafa.

Mai babbar kyamara kuwa ɗaya bayan ɗaya zai ɗauka, ba tare da ya canja ma'aunin haske ba, kowane hoto ya hau kan kusan sulusin na baya. Daga nan manhajar Hugin, wadda kyauta ce, ko ta Lightroom ta ɗinke su a kwamfuta, a yanke gefunan da suka fito a karkace.