Nazari: Mutum-mutumi Mai Kai Abinci Gida Da Lissafin Kasuwar Jos

A wasu biranen Turai da Amurka jama'a sun fara sabawa da ganin wani ɗan akwati mai taya shida yana tafiya shi kaɗai a gefen titi inda masu tafiya da ƙafa suke bi, ɗauke da abincin da wani ya saya daga gidan abinci. Wannan mutum-mutumi yana amfani da kyamarori da na'urorin hango abin da ke gabansa da kuma taswirar unguwa, gudunsa bai wuce kilomita 6 a sa'a ba, kayan da yake ɗauka kuwa kimanin kilo 10 ne. In ya iso, mai abincin yakan buɗe murfin da wayarsa. In kuwa ya rikice a mararraba, akwai ma'aikaci a ofis da zai karɓi tuƙin daga nesa.

Kamfanin Starship Technologies, wanda Ahti Heinla da Janus Friis, biyu daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Skype, suka kafa a 2014, shi ne ja-gaba a wannan sana'a. Ya fara aiki a garin Milton Keynes na Ingila a 2018, sannan a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2019. Amma ba kowa ne ya ci riba ba, domin a 2022 kamfanonin Amazon da FedEx, duk da ƙarfin jarinsu, sun jingine gwajin nasu na'urorin.

Darasin da ke ciki tsoho ne a ilimin tattalin arziki, wato ɗan kasuwa ba ya maye gurbin ma'aikaci da inji sai in ladan ma'aikacin ya fi kuɗin sayen injin da kula da shi tsada. Alal misali, a Jihar Kalifoniya ta Amurka, tun daga watan Afrilu na 2024 mafi ƙarancin ladan ma'aikacin manyan gidajen abinci na tafi-da-gidanka dala 20 ne a sa'a guda. A Nijeriya kuwa, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne a wata, wanda a farashin canjin lokacin bai kai dala 50 ba. Ashe ke nan albashin wata guda a nan bai kai ladan sa'a uku a can ba. Bugu da ƙari, injin da baturinsa da kayan gyaransa duk da dala za a sayo su, alhali dalar da ake canzarwa kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Mai gidan abinci a Rayfield ko Terminus da ya yi wannan lissafi ba zai daɗe yana tunani ba, yaron kai saƙo zai ɗauka.

Wannan ba ya nufin cewa Jos ba ta da matsalar kai kaya. Tana da ita, kuma babba. Tun zamanin Gwamna Jonah Jang aka haramta acaba a cikin Jos da Bukuru saboda dalilan tsaro, aka koma ga Keke Napep, wanda bai kai babur saurin kutsawa lungu ba. Daga baya cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ninka kuɗin kowace tafiya. Abincin naira dubu uku da za a kai shi gida a kan naira dubu ɗaya ya riga ya fi ƙarfin yawancin masu saye. Irin wannan ƙarancin riba ne ya sa Jumia Food da Bolt Food suka rufe harkarsu a Nijeriya a watan Disamba na 2023.

Har ila yau akwai abin da masu tallar injin ba su cika faɗi ba: ribarsa ta dogara ne a kan dukiyar jama'a. Yana bukatar shimfiɗaɗɗiyar hanyar 'yan ƙafa wadda ba ta yanke ba, da lambar gida sahihiya, da wutar caji, da intanet mai ƙarfi, kuma kamfanin ba shi ne ya biya kuɗin gina hanyar ba. Shi ya sa birnin Toronto na Kanada ya hana su hawa hanyar a 2021, bayan koken masu kare haƙƙin naƙasassu. A Jos, gobarar da ta cinye babbar kasuwar Terminus a 2002 ta tura 'yan kasuwa masu yawa bakin titi, har gefen hanyoyi irin su Ahmadu Bello Way ya zama rumfunan saye da sayarwa shekara da shekaru. A unguwanni da dama kuma, tudu da gangara da duwatsu da buɗaɗɗun lambatu ne, kwatancen gida kuwa da masallaci ko coci ko gidan mai ake yin sa. Ɗan adam yakan tambayi mai shayi ya gane hanya, inji kuwa sai ya tsaya.

Inda na'ura mai sarrafa kanta ta sami gindin zama a Arewa, a sama ta bi, ba a ƙasa ba. Kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin Jihar Kaduna da jirage marasa matuƙi a 2022, domin magani kaya ne mara nauyi mai daraja wanda jinkirinsa kan jawo asarar rai. Kwanon tuwo ko farantin dankali ba shi cikin wannan aji.

In har za a gwada mutum-mutumin a Filato, wurin da ya fi dacewa shi ne harabar da ke da shinge da tituna tsararru da masu saye a cunkushe, kamar mazaunin Jami'ar Jos na Naraguta. Ko a can ɗin ma, abokin gasarsa ɗalibi ne mai keke da ke neman kuɗin makaranta, wanda ba ya bukatar a sayo masa baturi da dala.