Babur Ɗin Dusar Ƙanƙara: Yadda Za Ka Sa Kuloci Ya Riƙe Ka a Gangara

A Kanada da Alaska da Minnesota da arewacin Finland, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya wata da watanni, gidaje da yawa suna ajiye babur mai tafiya a kanta. Tun 1959 da kamfanin Bombardier ya fitar da irin wannan babur mai suna Ski-Doo a garin Valcourt na lardin Quebec ake ta gyara masa fasali, kuma har yau ba shi da giyar da ake sakawa da ƙafa. Kuloci biyu ne da bel a tsakaninsu, tsarin da ke cikin sukuta mai bel: na gaba yana jikin inji, na baya yana juya shimfiɗar robar da ke tura babur ɗin. Kukan masu shi biyu ne. Ka rage wuta a kwana, ka sake bayarwa, inji ya yi nauyi saboda bel bai koma giyar ƙasa ba. Ko kuwa ka kama gangara, babur ya saki jiki ya zura, ba abin da ya rage maka sai birki. Ga yadda za ka bi, daga mai araha zuwa mai cin kuɗi.

1. Fara da wanki kafin sayen kaya. Ƙurar bel tana manne wa farantan kuloci har su yi sulɓi, bel ya riƙa zamewa. Cire shi, ka goge farantan da koren soson wanke-wanke, ka share da tsumma mai ɗan asiton. Kada mai ko giris ya taɓa su ko kaɗan.

2. Dubi mazaunin bel. A tsaye, ya kamata bel ya ɗan leƙo saman kulocin baya. Idan ya nutse, to ya sirance ko saitinsa ya kwance, kuma babur zai riƙa tashi da giyar da ta fi ƙarfinsa. Littafin babur ɗinka yana da awon, kuma a jikin kulocin ake saitawa, ba ka kashe ko sisi. Sabon bel kuwa wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ya bushe, ka yi kilomita 50 na farko ba tare da murɗa wuta duka ba.

3. Taɓa 'yan tayoyin cikin kulocin baya. Su ne ke gangarawa a kan karkataccen ƙarfen da masu gyara ke kira heliks. Idan ɗaya ya cinye ta gefe ko ya cije, kuloci ba zai koma da sauri ba ko da ka zuba masa sababbin kaya masu tsada.

4. Ƙara wa sifirin ɗin baya ƙarfi, kaɗan-kaɗan. Shi ne ke matse farantan baya, ya mayar da bel giyar ƙasa da zarar ka rage wuta, kuma a cikin kayan canji shi ya fi araha. Kada ka zarce, domin matsi mai yawa yana dafa bel, yana kuma rage maka gudu a miƙaƙƙiyar hanya.

5. Heliks ne zuciyar al'amarin. Mai kusurwa ƙarama yana sa bel komawa ƙasa da hanzari, sai dai yana jinkirta hawa giyar sama; mai kusurwa babba yana ba ka fizga a fili, amma yana nawa wajen dawowa. Idan tafiyarka ta duwatsu ce, ko cikin daji mai kwana-kwana, ko jan itace da kaya, rage digiri biyu ko uku ya isa ka ji bambanci, kuma a ganina mai gida da ke ɗaukar iyali ya fi buƙatar wannan fiye da gudun tsere. Akwai kuma mai kusurwa biyu, babba a farko ƙarama a ƙarshe, ga wanda ke son ya sami rabo a kowane ɓangare.

6. Bayan kowane canji, duba juyin inji. Manyan injina masu bugu biyu suna ba da cikakken ƙarfinsu a wajen juyi 8,000 a minti, kuma taɓa kulocin baya yakan ɗaga wannan adadi. Idan ya haura, ƙara nauyin ƙarafan kulocin gaba. Idan ya gaza, rage. A tsauni kuma sai ka rage nauyin, domin injin da ba shi da turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da ka hau.

7. A gangara, kada ka saki totur gaba ɗaya. Da zarar juyin inji ya faɗi ƙasa da inda kuloci ke kamawa, farantan gaba za su saki bel, inji ya daina riƙe ka. Ɗan taɓa totur ya sake kamawa, ka riƙa danna birki kana saki, domin idan ka danne shi shimfiɗar ta tsaya cak, bayan babur zai juyo gefe. Sifirin ɗin gaba mai laushin farko yana sa kuloci kamawa da wuri, ya kuma daɗe bai saki ba.

8. San irin injinka. Mai bugu huɗu yana riƙewa sosai da kansa. Mai bugu biyu, ɗan'uwan na ƙaramin janareta mai shan fetur da baƙin mai, riƙonsa kaɗan ne, kuma ba saitin da zai mayar da shi na farkon.

9. Canji ɗaya a lokaci ɗaya. Ja layi da alƙalamin maka a kan faranti daga tsakiya zuwa baki, ka yi zagaye a hanya ɗaya, ka ga iya inda bel ya goge. Rubuta abin da ka canza da yanayin ƙanƙarar ranar, domin busasshiya da jiƙaƙƙiya ba nauyinsu ɗaya ba.

10. Kiyaye hannunka da idonka. Sifirin ɗin kuloci a matse yake, don haka kada ka kwance shi sai da ƙarfen matsewa, ko da aro za ka yi wurin maƙwabci. Kada ka tayar da inji babu bel ko babu murfin kuloci, kuma ka riƙa tafiya da bel na biyu da abin canza shi.