Yadda Duwatsun Nesa Ke Juya Iskar Zariya

Mutumin da ya tsaya a Tudun Wada ya duba yamma zai hango dutsen Kufena, amma da wuya ya yi zaton dutse yana da hannu cikin sha'anin iska. Kufena kam ba ya da shi, don ya yi ƙanƙanta. Duwatsun da ke aiko wa Zariya hazo da hadari suna can nesa, a ƙasashen Cadi da Sudan da Habasha.

Iska kamar ruwan kogi ta ke. In fili ya miƙe sai ta tafi a natse. In ta tarar da dutse kuwa, tilas ta hau shi, ko ta kewaye shi, ko ta kutsa ta wata kafa, kowanne kuwa yana sāke mata hali.

A fara da hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara. A arewacin Cadi sai ta iske manyan duwatsu biyu: Tibesti a gefe guda, wanda ƙololuwarsa Emi Kusi ta fi ƙafa 11,000, babu kamarta duk Sahara, Enedi kuma a ɗaya gefen. Iskar ta kan matsu a tsakaninsu, ta fito da ƙarfi kamar iskar zugazugin maƙeri. A bakin wannan kafa kuwa akwai wani kwari mai suna Bodele, kusa da garin Faya. Dā can ƙarƙashin babban Tafkin Cadi ne. Da ruwa ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, wadda ta samu daga ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa. Ita ce iska ke ɗebowa, ta yi tafiyar mil 800 ko fi, cikin kwana ɗaya ko biyu ta sauka a kan tufafi da kwanonin mutanen Zariya.

A shekarar 2005 wata ƙungiyar masana, cikinsu har da na Jami'ar Okisfod ta Ingila, ta je Bodele ta auna iskar. Suka tarar da dare ƙarfinta yana can sama, ƙasa kuwa shiru. Sai rana ta ɗaga ta ɗumama ƙasa, sa'an nan iskar ta sauko da hantsi ta tayar da ƙura. Da aka gwada lissafi a kwamfuta aka cire duwatsun, sai ƙarfin iskar ya ragu ƙwarai. Shi ya sa ma'aikatan duba yanayi su ke sa ido kan labarin Faya. In ƙura ta tashi can, sai a gargaɗi matuƙan jiragen sama na Kano da na makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya.

Sha'anin damina ya fi wannan wuyar ganewa, ya kuma fi shi shafar manomi. Iskar da ke kawo laima tana zuwa ne daga teku, watau kudu maso yamma, amma kowa ya san hadari daga gabas ya ke tasowa. Dalili shi ne akwai wata iska dabam a bisa ta damina. Sahara tana da zafi, kurmin kudu yana da sanyi-sanyi, bambancin nan kuwa ya kan haifar da wani kogin iska wajen ƙafa 10,000 zuwa 13,000 a sama, mai gudu daga gabas zuwa yamma, kamar mil 30 cikin awa. A watan Agusta tsakiyarsa tana bisa wajen ƙasar Tawa da Damagaram.

Wannan kogi ba shi da natsuwa, abu kaɗan ke karkata shi. Sa'ad da rana ta gasa duwatsun Habasha da Dutsen Marra na Darfur, iskar da ke jikinsu ta kan yi zafi ta tashi, hadari ya haɗu a kansu ya bugi kogin. Daga nan sai ya soma lanƙwasa kamar tafiyar maciji, lanƙwasar tana ƙara girma tana yin yamma, wajen mil 400 a yini. Wani masani Ba'amurke mai suna Robert Burpee ya bayyana asalinta a 1972, aka kuma ƙara bincike a kanta daga Dakar a 1974, da Yamai a 2006. Kowace lanƙwasa ta kan wuce bayan kwana 3 zuwa 5, hadari ya fi haɗuwa a gabanta. Abin da ya sa ke nan ruwan tsakiyar damina ya kan zo ya huta, ya sāke zuwa. Wasu daga cikinsu in sun fāɗa Tekun Atalantika su kan zama mugayen guguwa masu rushe gidaje a Amurka.

Kusa da gida kuma, tudun Jos da duwatsun Azbin suna tayar da nasu hadarin da la'asar, iskar sama ta kwashe shi zuwa yamma. Tudun Jos yana kuma tare iskar teku ya tilasta mata hawa, ta yi sanyi ta zubar da ruwanta. Jos tana samun wajen inci 55 a shekara, Zariya 40 da 'yan kai. Ƙasar Kagoro da ke fuskantar iskar ta fi wadda ke bayan tudun ruwa.

Abin lura ga manomi shi ne, a watan Afrilu da farkon Mayu iskar teku ba ta zauna sosai bisa ƙasar Zazzau ba. Hadarin da dutse ya tayar yana iya zuwa da iska mai yaye jinka da kwano, ya jiƙa ƙasa sau ɗaya, sa'an nan a yi mako biyu babu ɗigo. Wanda ya zuba irinsa duka a kan wannan ruwa ya kan sāke shuka. Gara a gyara rufi kafin Afrilu, a riƙe rabin iri, a kuma nemi labarin faɗuwar damina daga malaman gona na Samaru ko hukumar duba yanayi ta ƙasa, wadda ke fitar da hasashenta a farkon kowace shekara.