Lambar da Ba Ta Barin Saura

Ya kai mai karatu, kada girman lamba ya razana ka. Mutane da yawa in suka ga lamba ta haura dubu, sai su ce wannan kam sai 'yan boko. Alhali kuwa kowace lamba tana da halinta, kuma mai haƙuri yana iya gano shi. Mu ɗauki 720,720, wato dubu ɗari bakwai da ashirin da ɗari bakwai da ashirin.

Cika ce, ba mara ba, tunda da sifiri ta ƙare. Wannan ko yaro ya sani.

Abin lura shi ne tubalan da aka gina ta da su. Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13, kuma da ire-irensu ake gina sauran duka. Tamu ga yadda take: 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13. Shi ya sa take da daɗin rabo. In Naira 720,720 ce, ka raba wa mutum biyu, ko bakwai, ko goma sha ɗaya, har zuwa goma sha shida, kowa zai sami daidai, ba a neman canji. Babu wata lamba ƙasa da ita da za ta yi haka. Sai a kan mutum 17 take tuntuɓe: kowa ya ɗauki 42,395, Naira 5 ta rage. Malaman rabon gado ma ba za su sha wahalarta ba, domin rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi duk suna fita cif. Sumunin kaɗai 90,090 ne.

Lambobi 240 ne suke raba ta ba saura. Duk cikin na ƙasa da ita babu mai wannan yawan, kuma har a kai miliyan ɗaya babu wadda ta wuce ta. Wani masanin lissafi ɗan Indiya, Ramanujan, ya yi dogon nazari a kan irin waɗannan lambobi a 1915. Masana kuma suna sa ta cikin lambobi masu yalwa, saboda in aka tara masu raba ta, ban da ita kanta, za a sami 2,529,072, fiye da ninkinta uku.

To, me ya sa 720 ta fito sau biyu a jikinta? Saboda 720 ce aka ninka da 1,001, ita kuwa 1,001 daidai take da 7 × 11 × 13. Ashe kowace lamba mai gida uku, in aka rubuta ta sau biyu a jere, dole ta rabu da 7, da 11, da 13.

Kada ka yarda don an faɗa maka. Ɗauki alƙalami, ka rubuta 358,358, ka raba da 7, abin da ya fito ka raba da 11, sannan da 13. Za ka ga 358 ta dawo. In ka gwada, ka koya wa yaran gidanku.