Wasan Fatalwa a Zaure: Yadda Za Ku Shirya Shi

A 1994 kamfanin White Wolf na Amurka ya fitar da wani wasa mai suna Wraith: The Oblivion. Ba a waya ake yin sa ba, zama ake yi. Mutum ɗaya ya riƙe labari, sauran huɗu ko biyar kowa ya hau matsayin wani mamaci da bai gama da duniya ba, ya riƙa faɗin abin da zai aikata, labarin ya bi inda suka ja shi. Kakan irin wannan wasa shi ne Dungeons & Dragons na 1974. Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniya a ɗakin kaka ya san rabin aikin, sai dai a nan masu sauraro ma suna da ta cewa.

Samarin Sakajiki ta ƙasar Kaura Namoda da ke son gwadawa ba sai sun sayi littafi ba. Ku fara da ajiye ɗan ludon da Turawa ke jefawa a irin wannan wasa. Malamai da dama ba sa son wasa da shi, kuma a jihar da ta ƙaddamar da Shari'a tun 1999, dattijo ya leƙo ya ga ana jefa shi, caca zai kira shi. Ku samo ƙoƙo, ku zuba tsakuwa goma, bakwai farare, uku baƙaƙe. Wanda zai yi abin kasada, kamar leƙa tsohuwar rijiya, ya runtse ido ya zaro ɗaya. Fara, ya tsira. Baƙa, mai labari ya yanke abin da ya same shi. Farar da aka zaro kada a mayar da ita, baƙa kuwa a mayar. Haka dare zai riƙa yin nisa ƙoƙon yana ƙara baƙi, gaban kowa yana faɗuwa ba tare da an yi ihu ba. Ko sisi kada ya shiga.

Labarin kuma ku kai shi can baya. Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, to ga tasha da dare, ga buhunan gyaɗa, ga falke da ya ba da ajiya bai dawo ba. Ko ku nufi kufan Alƙalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ko wata tsamiya a bakin gulbin Gagare. Abin da ya fi burge ni a wasan nan na Amurka shi ne kowane mamaci yana da abin da ya ɗaure shi da duniya. Ku ari wannan. Fatalwar da ba ta da buƙata dodo ce kawai, minti biyar an gaji da ita. Amma wadda ke neman a biya mata bashi, ko a kai wa maraya amanarsa, za ta riƙe zaure har ƙarshe, don kowa ya san nauyin bashi a kan mamaci. Ni dai na fi son 'yan wasa su zama rayayyu masu warware matsalar fatalwa, maimakon su zama matattun da kansu.

Inda ya kamata ku fi yin hattara shi ne nan. Daga Zurmi har Shinkafi, da wuya a sami zauren da ba wanda 'yan bindiga suka yi wa rashi. Kada daji da babura da kuɗin fansa su shiga labarin. Kada a ambaci mamacin gaske, ko da da wasa. Kafin a fara, mai labari ya tambayi kowa a keɓe abin da ba ya son ji, kuma duk wanda ya ce a tsaya, a tsaya, ban da tsokana. Haka kuma tambayar kabari da mala'iku da barzahu ba kayan wasa ba ne. Ku tsaya kan fatalwa da maye da dodon tatsuniya.

Lokacin wasan kuwa, bayan isha'i ya fi, da tocila ɗaya a tsakiyar tabarma, a tashi da wuri. Ƙananan yara a sallame su tun kafin a zauna. Wanda gidansa ke da nisa, don Allah ku raka shi har ƙofa.