Yaushe wanda aka yi wa fiɗar tumbi zai koma cin burodi?

Darasinmu na yau ya shafi abincin mutumin da aka yi wa fiɗa a tumbi. Tumbi shi ne jakar da abinci ke faɗawa in mun haɗiye shi. A wurin babban mutum mai lafiya, wannan jaka tana ɗaukar abin da ya kai lita 1 ko fiye.

Akwai dalilai da ke sa likita ya rage girman tumbi. A ƙasarmu, yawanci ciwo ne ke jawo haka, kamar gyambon ciki da ya ci tura, ko ƙari da ya fito a tumbi. Mutanen Bazaga da Ƙonni da Malbaza da Illela sukan nemi fiɗa a babban asibitin Tawa, ko a asibitin Galmi wanda aka buɗe a 1950, wasu kuma su wuce Yamai ko Sakkwato. Akwai kuma fiɗar rage ƙiba. An fara irinta a Amurka tun wajen shekarun 1950, don mutanen da ƙiba ta yi wa yawa har ta jawo musu ciwon sukari da hawan jini. Ba a saba yin ta a karkara ba, sai a manyan birane da ƙasashen waje. Ko wanne ne dalili, tumbin ya koma ƙarami. A wata irin fiɗar rage ƙiba, abin da ake bari bai wuce girman ƙwan kaza ba.

Mai irin wannan tumbi ba ya komawa akushi rana ɗaya. Da farko ruwa ne da romo da kunu tsararo wanda aka tace. Bayan mako 1 ko 2, sai abin da aka dama ko aka murje ya yi sumul, kamar kindirmo da kunu mai ɗan kauri. Daga nan sai abinci mai laushi: dafaffen ƙwai, kifi marar ƙaya, wake da aka cire wa ɓawo ya dahu lugub. A fiɗar rage ƙiba, sai an kai kamar mako 6 zuwa 8 kafin a fara taɓa abinci mai tauri. Likitan da ya yi aikin shi ke faɗin ranar da za a tashi daga wannan mataki zuwa wancan, domin ba duk fiɗa ce iri ɗaya ba.

To, ina matsayin burodi a nan? Yana can ƙarshe. Wannan yakan ba mutane mamaki. Mun saba, in za mu gaida marar lafiya, mu riƙa masa sandar burodi da gwangwanin madara, muna ganin ai abu ne mai taushi. Taushin nan shi ne matsalar.

Ga gwaji da kowa zai iya yi a gida ko a ajin yaƙi da jahilci. Mu ɗebi tsakiyar sabon burodi, mu ɗiga masa ruwa kaɗan, mu mulmula a tafin hannu. Nan da nan zai zama curi mai danƙo kamar ƙullu. Haka yake zama a ciki in ya haɗu da miyau. Babban tumbi yana iya juya wannan curi har ya narke. Ƙaramin tumbi kuwa ƙofarsa matsattsiya ce, sai curin ya tsaya a bakinta. Mutum ya ji abu ya tokare masa ƙirji, miyau ya cika masa baki, wani lokaci har ya yi amai. Yanzu mu gasa wani yanki a kan garwashi ya bushe, mu murza shi. Zai farfashe ya zama gari-gari. Shi ya sa gasasshen burodi ya fi sabo sauƙin wucewa.

Idan likita ya ba da izni, a fara da yanki siriri, wanda bai fi tsawon ɗan yatsa ba, a gasa shi ya yi ƙamas. A gutsuri kaɗan, a tauna kamar sau 20 zuwa 30, har ya zama ruwa-ruwa a baki kafin a haɗiye. A dakata, a ji yadda ciki ya karɓa. Ranar da ake gwada burodi, kada a gwada wani sabon abinci tare da shi, domin in ciki ya ɓaci a san mai laifi. In bai zauna ba, a bar shi mako 1 ko 2, a sake gwadawa. Wasu sukan yi watanni kafin su iya cinsa, wasu kuma su haƙura da shi gaba ɗaya, kuma babu abin da jikinsu zai rasa. Gurasa da fanke da taliyar alkama, har wadda aka yi da alkamar noman rani ta Ƙonni, duk hukuncinsu ɗaya da burodi.

Sai maganar teburin mai shayi, inda a nan ne aka fi samun ɓarna. Tsoma burodi a shayi yana sa a haɗiye shi ba tauna, kuma ya kumbura a ciki. Ƙa'ida ita ce a raba ci da sha: a bar kamar minti 30 bayan cin abinci kafin a sha ruwa ko shayi. Sukari da madarar gwangwani mai zaƙi kuwa suna da tasu illar. A wurin wanda aka rage wa tumbi, zaƙi yana zarcewa hanji da sauri. Cikin minti 10 zuwa 30 sai zufa ta keto, zuciya ta riƙa bugawa, jiri ya ɗebe shi, zawo ya biyo baya. Wani kuma sai bayan awa 1 zuwa 3 jikinsa zai kama rawa, saboda sukarin jininsa ya faɗi. Dangi sukan ɗauka iska ce ta taɓa shi, alhali kofin shayi ne.

Akwai wani dalili kuma da ya sa muke ajiye burodi a baya. Wurin da ke cikin tumbin kaɗan ne, ga jiki yana buƙatar abin gina nama don rauni ya warke. Farin burodi yana cika wuri, amfaninsa kuwa bai kai na ƙwai ko wake ko awara ko nono ba. Saboda haka a fara cin waɗannan, in wuri ya rage a sa burodi. Wanda aka yi wa fiɗar rage ƙiba, in ya mai da burodi da sukari abincin kullum, ƙibar tana iya dawowa. Magungunan ƙarin jini da bitamin da likita ya rubuta, a ci gaba da shan su ko da an ji sauƙi.

In abinci ya tokare, a daina ci, a miƙe a ɗan taka a hankali. Kada a tura shi da ruwa, domin ruwan zai ƙara cika wurin. Amma idan amai ya ƙi tsayawa, ko ruwa ma ba ya zama a ciki, ko an ga jini a amai, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko ciwon ciki mai tsanani ya zo da zazzaɓi, kada a kwana a gida. A kai marar lafiya likita mafi kusa, tare da takardar da aka ba shi ranar sallama daga asibiti.